Yadda Hannu Yake Faɗawa

Ba a haifi kowa da iya daka ba. Yarinya ƙarama in ta ɗauki taɓarya ranar farko, sai ta riƙa bugun bakin turmi, hatsi yana zuba ƙasa, kaji suna murna. Bayan ƴan shekaru, yarinyar nan ita za a gani tana lugude da ƴan'uwanta biyu a turmi ɗaya. Kowace taɓarya tana sauka a lokacinta, ba mai karo da wata. Har takan jefa taɓaryar sama, ta tafa hannu, ta cafe, kuma duk tana hira. In an ga haka sai a ce hannunta ya faɗa.

Haka yake ga mai hawan keke, da mai langa, da maɗinki, da maƙeri, da ɗan makaranta mai koyon rubutu. Aikin da ya yi wuya da farko, daga baya sai ya zama kamar da shi aka haifi mutum. To, me ya sake? Hannun dai shi ne na da. Ƙashi da nama ba su da wayo. Wurin da koyon ya zauna shi ne cikin kai.

Hanyar saƙo

Jikin babban mutum yana da ƙashi 206 da tsoka fiye da 600. Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ce take jan shi, ita ma ba ta ja sai an ba ta umurni. Mai ba da umurnin ita ce ƙwaƙwalwa. Saƙonta yana bin laka, wadda take cikin ƙashin baya, daga nan ya rarrabu cikin jijiyoyi har ya kai ga tsoka.

Sai a lura da kalmar nan jijiya. Abu uku Hausa take kira da ita. Akwai jijiyar jini. Akwai igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma farin zaren da yake ɗaukar saƙo, shi ne ake nufi a nan. Cikin manyan jijiyoyin saƙo, umurni yana gudun fiye da mita 100 cikin sakan ɗaya, watau tsawon filin ƙwallo kafin a ce ɗaya.

Saƙo yana tafiya, yana kuma dawowa. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa inda turmi yake. Tsoka da gaɓoɓi suna gaya mata inda hannu yake, ko da ido yana rufe. Shi ya sa mutum yake iya taɓa hancinsa cikin duhu ba tare da ya laluba ba. Can cikin kunne kuma akwai wasu ƴan hanyoyi uku masu ruwa, su ne suke faɗin ko kai ya karkata ko ya juya. Yaran da suka yi wasan hajijiya sun san aikinsu: yaro ya tsaya, amma ruwan bai tsaya ba, sai ya ga duniya tana juyawa, ya faɗi.

Yawancin waɗannan labarai suna bi ta wani ɓangare da yake wajen ƙeya, ana ce masa ƙaramar ƙwaƙwalwa. Girmanta kamar kashi ɗaya cikin goma ne na dukan ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin saƙo na cikin kai a nan suke. Aikinta gwadawa ne. Tana gwada abin da aka yi niyya da abin da hannu ya yi. In yaro ya jefi kanya da dutse ya wuce ta sama, ita take lura da tazarar, ta sa jifa ta biyu ta sauko kaɗan. Ke nan kuskure shi ne abincinta. Jifar da ba a yi ba, ba abin da za ta gyara a kai.

Mataki uku

A shekarar 1967 wasu masana biyu na Amurka, Fitts da Posner, suka raba koyon aikin jiki mataki uku. Har yanzu malaman wasanni suna aiki da wannan rabo. Za a fi gane shi da misalin keke.

Mataki na farko shi ne na tunani. Yaro ya hau keke, wansa yana riƙe da sirdi. Kansa ya cika da tambaya: ina zan sa ƙafa, ina zan duba, yaya zan tsaya? Ya ƙanƙame kan keken har yatsunsa sun sage. Kafaɗunsa sun ɗaga, ya cije leɓe, idonsa yana kan ƙafar gaba. In an kira sunansa ya waiwaya, sai ƙasa. Bayan minti goma ya gaji kamar wanda ya yini a gona, don yana ɗaure tsoka masu yawa waɗanda aikin bai bukace su ba. A wannan mataki kuskure yana da yawa, kuma yaro bai san dalilinsa ba. Abin da ya fi taimakonsa shi ne ya ga wanda ya iya yana yi, a gaya masa magana ɗaya gajera, kamar a ce: duba gaba. Magana goma a lokaci ɗaya ruɗa shi take yi.

A nan ne mafi yawan masu barin koyo suke bari. Ba wai jikinsu ne ya kasa ba. Dariya ce take korarsu, ko tsawa, ko bulala. Tsoro yana ƙara ɗaure tsoka, tsokar da ta ɗaure kuwa ba ta yin aiki mai kyau. Duk wanda ya yi wa mai koyo dariya ya manta da yadda shi ya koyi tafiya. A Amurka an zauna an ƙirga tafiyar jarirai masu shekara ɗaya zuwa wata 19 suna wasa, aka buga sakamakon a 2012. Aka tarar cikin awa ɗaya jariri yakan yi taku fiye da 2,000, ya faɗi kamar sau 17. Ba ya jin kunya, ba wanda yake zaginsa, shi ya sa ba ya bari.

Mataki na biyu shi ne na gyara. An saki sirdi, yaro yana tafiya shi kaɗai, ko da yake keken yana ɗan layi. Yanzu shi da kansa yake jin kuskurensa kafin a gaya masa. Wannan mataki ya fi kowane tsawo. Yakan ɗauki makonni ga keke, ya ɗauki shekaru ga ƙira ko saƙa. Wani lokaci mai koyo sai ya ga kamar ya tsaya wuri ɗaya, kwana da kwanaki ba ci gaba. Kowa yana gamuwa da haka, kuma yana wucewa.

Mataki na uku shi ne wanda Hausawa suke cewa hannu ya faɗa. Yaro yana tuƙi yana hira, yana kauce wa rairayi, yana gaisawa da mutane. Jiki yana aikin, hankali ya sami sarari ya duba wani abu. Wannan sarari shi ne ribar gwaninta. Ɗan kokawa da ya ƙware ba ya tunanin inda zai sa ƙafarsa, hankalinsa duk yana kan abokin karonsa, yana jiran ya ga inda nauyinsa ya karkata. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, inda Kantu na Maradi ya ci, jama'a suke ganin kaye na ƙiftawar ido a fagen kokawa. Kayen nan ba a fagen aka koye shi ba. An maimaita shi sau ba iyaka a rairayin bakin gari, tun ɗan kokawar yana yaro. Haka ɗan aji ɗaya da yake fama da zana harafin ɓ ba ya iya tunanin ma'anar abin da yake rubutawa. Sai hannunsa ya faɗa sa'an nan kansa zai sami sararin tsara magana.

Mutumin da ya manta, hannunsa bai manta ba

A shekarar 1953 aka yi wa wani saurayi ɗan Amurka, mai suna Henry Molaison, aiki a kai saboda farfaɗiya mai tsanani. Likita ya cire wani yanki daga kowane gefe na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma wata matsala ta zo. Daga ranar nan bai ƙara riƙe sabon abu ba. In ya gaisa da mutum, mutumin ya fita ya dawo bayan ƴan mintoci, sai ya karɓe shi kamar baƙo.

Wata masaniya da take aiki a Kanada, Brenda Milner, ta ba shi wani aiki. Ta ajiye takarda mai zanen tauraro, ta ce ya bi layin da fensir. Amma an tare hannunsa, ba ya ganin sa sai ta cikin madubi. Duk wanda ya gwada wannan ya san wuyarsa, don madubi yana juya abu, in an so a ja layi nan sai hannu ya tafi can. Henry ya yi ta yi kwana uku. Kowace rana bai tuna ya taɓa ganin tauraron ba. Duk da haka kuskurensa yana ta raguwa, har a rana ta uku ya zana shi da kyau. An buga wannan labari a 1962.

Daga nan masana suka gane ajiya iri biyu ce a cikin kai. Akwai ajiyar abin da ake faɗa da baki, kamar sunan babban birnin ƙasa ko bakwai sau takwas. Akwai kuma ajiyar abin da ake yi da jiki. Wurinsu ba ɗaya ba ne, hanyar cika su ma ba ɗaya ba ce. Ana iya haddace dokokin iyo duka a cikin aji, a shiga tabki a nutse. Kuma ajiyar jiki tana da daɗewa. Tsohon da ya shekara 20 bai hau keke ba, in ya hau, ɗan layi kaɗan zai yi ya miƙe.

Koyon yana barin alama da ake iya gani. A Jamus, a 2004, an koya wa wasu manyan mutane wasan jefa ƙwallo uku sama ana cafewa, wasan da ya yi kama da carafke. Aka ɗauki hoton cikin kansu da na'ura kafin su fara, da kuma bayan wata uku. Aka ga wurin da yake lura da motsin abubuwa ya ɗan ƙaru. Da suka bar wasan wata uku, ƙarin ya ragu. Waɗannan mutane ba yara ba ne. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ƙwaƙwalwa ba ta bushewa kamar icce. Babba ma yana koyo, sai dai yaro ya fi shi lokaci, ya fi shi rashin kunya.

Kaɗan-kaɗan kullum

Wace hanya ce ta fi, a yini ana abu ɗaya ko a rarraba shi? An gwada wannan a Ingila da ma'aikatan gidan waya waɗanda aka koya wa buga keken rubutu, aka buga sakamakon a 1978. Wasu suna koyo awa ɗaya a rana, wasu awa biyu, wasu awa huɗu. Da aka ƙirga awoyin da kowa ya ci kafin ya iya, sai aka ga masu awa ɗaya a rana su ne suka iya da awoyi mafi ƙaranci. Masu awa huɗu su ne na baya. Abin mamaki, masu awa ɗayan su ne suka fi ƙorafi, don suna ganin kwanakinsu sun yi yawa. Ke nan abin da mai koyo yake ji a ransa ba kullum yake nuna masa gaskiya ba.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne barci. Ƙwaƙwalwa ba ta rufe aiki da dare. Tana sake bin abin da aka koya da rana, tana ƙarfafa hanyoyinsa. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2002, an koya wa mutane danna maɓallai da yatsu bisa wani tsari. Bayan barcin dare ɗaya saurinsu ya ƙaru da kamar kashi 20 cikin 100, ba tare da sun ƙara gwadawa ba. Waɗanda suka yini ido biyu ba su sami wannan ƙari ba. Yaro ɗan makarantar firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya raba dare wajen kallo ya rage wa kansa ribar karatun jiya.

Maimaici shi kaɗai bai isa ba. Jiki yana riƙe abin da aka maimaita, mai kyau ne ko maras kyau. Wanda ya saba riƙe alƙalami a dunƙule, gyaransa ya fi wuya bisa koya wa wanda bai taɓa riƙewa ba. Don haka a fara a hankali, a yi daidai, sauri zai zo da kansa. In an fara iyawa kuma sai a riƙa sassake yanayin. Mai koyon bugun ƙwallo ya buga daga kusa, ya buga daga nesa, ya buga da dama, ya buga da hagu, don ranar wasa ƙwallo ba ta zuwa ta hanya ɗaya.

Tun da an ambaci hagu: cikin mutum goma, kamar ɗaya bahago ne. Ba cuta ba ce, ba kuma taurin kai ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa take. Yana iya koyon ci da gaisuwa da dama yadda al'ada ta tanada, amma ba dalilin da zai sa a hana shi jifa ko rubutu da hannun da ya fi masa sauƙi.

Abin da jiki yake samu

Yaron da ya iya wasa shi ne yake son wasa. Wanda bai iya cafe ƙwallo ba, ba a zaɓen sa, sai ya koma gindin icce ya zauna yana kallo. Yau ya zauna, gobe ya zauna, har zaman ya zama masa hali. Nan ne maganar gwaninta ta haɗu da maganar lafiya, don jikin da ba ya motsi yana hasarar abubuwa da yawa.

Na farko ita ce zuciya. Ita ma tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ga babban mutum da yake zaune, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, ta yara ta fi haka sauri kaɗan. Kowane bugu yana tura jini kamar cikin ƙaramin kofin shayi. A minti ɗaya tana tura kamar lita 5, watau kusan dukan jinin jiki. In mutum yana gudu, tsoka tana neman ƙarin iska da abinci, sai zuciya ta ninka aikin nan sau huɗu ko biyar. Zuciyar da ta saba da haka tana ƙara ƙarfi, bugu ɗaya ya tura jini mai yawa, sai ta rage yawan bugawa in ana hutu. Manyan ƴan tseren nesa akwai waɗanda tasu take bugawa sau 40 zuwa 50 kawai a minti.

Wanda ya fara nuna wannan da lissafi wani likita ne na Ingila, Jeremy Morris. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu bene. A wancan lokaci kowace mota tana da ma'aikaci biyu: direba, wanda yake yini a zaune, da mai karɓar kuɗi, wanda yake yini yana hawa bene yana sauka. Gari ɗaya, mota ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. Morris ya bi labarin lafiyar ma'aikata kamar 31,000. A 1953 ya bayyana cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu muni. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya tarar da haka: masu raba wasiƙu a ƙasa ko a keke sun fi masu zaman ofis tsira. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya tabbatar da maganar, ya kuma ƙara da hawan jini, da ciwon sukari irin na manya, da shanyewar ɓarin jiki. Tsokar da take aiki tana shanye sukarin da yake cikin jini, ba ta barin sa ya taru.

Ƙashi ma yana da rai. In ana taka shi, ana tsalle a kansa, tsoka tana jan shi, sai ya ƙara kauri. In an bar shi sai ya rage. Mutanen da suke zuwa sararin sama, inda jiki ba shi da nauyi, ƙashin ƙugunsu yakan ragu da kamar kashi 1 cikin 100 kowane wata. Yawancin ƙarfin ƙashi ana tara shi ne kafin shekara 20. Tamkar rumbu yake, wanda ake cikawa da kaka a ci da rani. Langa, da tsallen igiya, da gaɗa, duk suna zuba hatsi cikin wannan rumbu. Ƴan mata sun fi bukatarsa, don ƙashin mace ya fi saurin raguwa in ta manyanta.

Ban da wannan, wanda ya motsa jiki ya fi samun barci mai daɗi, ransa ya fi sakewa, hankalinsa ya fi tsayawa a aji. Ashe fita shan iska ba ɓata lokacin karatu ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020. Ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami kamar minti 60 kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Aƙalla kwana uku a mako kuma ya yi mai ƙarfi, irin wanda yake gina tsoka da ƙashi. Ga manya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako. A binciken da ta fitar a 2019, ta tarar cikin ƴan makaranta 100 masu shekara 11 zuwa 17 a duniya, 81 ba sa samun awa ɗayar nan. Ga maza 78 ne, ga mata 85.

Wani zai ce wannan matsalar ƴan birni ce. Yana da gaskiya, amma ba duka ba. Yaron ƙauye da yake takawa kilomita uku zuwa makaranta, ya dawo ya bi awaki, da damina ya riƙe hauya, ya wuce minti 60 nesa. Ɗan Yamai ko Damagaram da ake kaiwa a babur, ya dawo ya zauna da waya a hannu, shi ne abin ji. Amma aiki da wasa ba su zama ɗaya ba. Aiki yana maimaita motsi ɗaya, wani lokaci da kayan da suka fi ƙarfin yaro. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ya kusa nauyin yarinya ƴar shekara takwas. Ɗora mata wannan a ka ba motsa jiki ba ne, wahalar da wuya da baya ne. Wasa kuwa yana koya wa jiki gudu, da tsalle, da jifa, da cafewa, da kauciya. Yarinyar da ta yi daka ta ɗebo ruwa, ita ma tana da hakkin ta shiga fili. Ba wani abu cikin jikin mace da ya hana ta koyon gudu ko ƙwallo. Abin da yake bambanta ta da ɗan'uwanta a wannan shekaru, yawancinsa yawan gwadawa ne.

Nijar ta sami lambar wasannin Olamfik ta farko a 1972, a birnin Munik na Jamus, inda Issaka Daboré ya ci tagulla a damben zamani. Ta biyu ba ta zo ba sai 2016, a Riyo ta Burazil, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan takwando. A 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Shekara 44 ke nan tsakanin lambobin biyu. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, ba kuma don haka ake wasa ba, amma su biyun ma ta mataki na farko suka bi.

Hattara

Motsa jiki yana da ƙa'ida. Da bazara, a watan Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Jikin da yake gudu yana ƙara wa kansa zafi, kuma da gumi yake sanyaya kansa. In ruwa ya ƙare a jiki sai ciwon kai ya zo, da jiri, da amai, wani har ya suma. Don haka wasa mai ƙarfi da safe ake yin sa ko da la'asar sakaliya. A sha ruwa mai tsabta kafin a fara, a sha ana cikin yi, a sha bayan an gama. In yaro ya faɗi saboda zafi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a kira babba. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, asibiti za a nufa da shi nan take.

Mai zazzaɓi ko gudawa ba ya shiga wasa sai ya warke. Yaro mai ciwon sikila yana iya wasa, amma a hankali, da hutawa, da yawan shan ruwa, kuma malam ya san da ciwonsa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko numfashinsa yana kuka in ya yi gudu, ya faɗa wa malam da iyayensa. Kafin gudu mai ƙarfi a fara da sassarfa na ƴan mintoci don tsoka ta ɗumama. A share fili daga ƙaya da kwalba da ƙusa. Tsamin jiki da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wasa ba cuta ba ce, yana tafiya da kansa. Amma gaɓar da ta kumbura, ko ƙafar da ba ta takuwa, ba a ja ta ba a murza ta, sai ma'aikacin lafiya ya duba.

Aiki

Ku zauna shiru minti biyar. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, wajen gindin babban yatsa, har ya ji bugun jini. Ban da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun. Malam zai duba agogo, ku ƙirga na sakan 30, ku ninka biyu, ku rubuta. Ku fita ku zagaya fili da gudu minti biyu, ku sake ƙirgawa nan take. Ku huta minti uku, ku ƙirga na uku. Ku ajiye lambobin cikin littafi, don a sake gwajin bayan wata biyu.

A gida, kowa ya rubuta sunansa sau biyar da hannun da bai saba da shi ba, kullum har kwana bakwai. Ku kawo takardar rana ta farko da ta rana ta bakwai.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne Hausa take kira jijiya?
2. Me ya sa mai koyon keke yake saurin gajiya?
3. Me Henry Molaison ya manta, me kuma bai manta ba?
4. Zuciyar wani tana bugawa sau 80 a minti, ta wani sau 65. Bugu nawa ne bambancinsu a awa 24?
5. Ku tambayi wata tsohuwa ko wani tsoho a gidanku wasannin da suka yi suna yara. Wanne ne har yanzu ake yi a unguwarku?